Mota Ma Tana Bukatar Katin Awo

A watan nan za mu yi magana a kan wani ɗan littafi wanda kuɗinsa bai kai na rabin litar fetur ba, amma yana iya tsare wa gida dubban nairori, ya kuma kashe rigima tun ba ta tashi ba. Watau littafin da ake rubuta man da mota ko babur ya sha, da gyaran da aka yi masa.

Kowace uwa ta san katin awo. Idan aka ɗora jariri a kan sikeli aka ce kilo bakwai ne, wannan kaɗai bai faɗi kome ba. Sai an yi awo wata bayan wata, ana sa ɗigo a kan kati, sa'an nan ungozoma za ta duba ta ce yaron yana gaba, ko kuwa ya tsaya. Sau da yawa katin yakan nuna ciwo tun uwa ba ta ga alama ba. To, abin hawa ma haka yake. Yana da lamba ɗaya da ke nuna lafiyarsa, ita ce kilomita nawa yake tafiya da lita ɗaya ta mai. Wanda yake bin wannan lamba kowane wata, ya san halin injinsa. Wanda ba ya bi, sai ranar da ya tsaya a daji.

Abin da ya sa maganar ta zama tilas

Iyayenmu sun sha mai da araha. A shekarar 1982, zamanin Shugaba Shehu Shagari, litar fetur kwabo 20 ce. A 1994 ta zama naira 11. A farkon 2012, bayan zanga-zangar da aka yi a ƙasa duka, aka tsaya a naira 97. A 2016 ta koma naira 145. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin mai, kafin mako ya zagayo litar da ba ta kai naira 200 ba ta wuce naira 500 a Kano. Kafin ƙarshen 2024 kuwa ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Tun daga nan farashi yana hawa yana sauka, amma ba wanda yake sa ran ganin kwanakin da.

A da, mai Fijo 504, irin wadda aka soma harhaɗawa a Kaduna a 1975, in motarsa tana zubar da lita biyu ko uku a mako, ba zai ji a aljihunsa ba. Yau lita uku kuɗin cefanen yini ne a gidaje da yawa.

Ga shi kuma mu mutanen Karaye da Rogo ba mu da yadda za mu yi sai da abin hawa. Ƙauyukanmu a warwatse suke. Da babur malami yake zuwa makaranta, da shi mai bishara yake zaga ƙauyuka, da shi ake kai masara da barkono da mazarƙwaila kasuwa. Mai zuwa Kano ta Gwarzo, da mai zuwa Makarfi ta Rogo, duk mai suke ƙonawa. Masu noman rani a gefen madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka gama a 1992, injin ban-ruwansu ma fetur yake sha. Hanyoyinmu kuwa ba sa tausayin inji: da hunturu ƙura, da damina taɓo da zaizaya. Kuma in naƙuda ta zo da gardama da tsakar dare, babur ɗin nan ko motar maƙwabci ita ce motar asibiti. Saboda haka lafiyar abin hawa ba zancen maigida kaɗai ba ne, zancen gida ne duka.

Yadda za a tsara littafin

A sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, a ɗaura masa biro da zare, a sa shi cikin leda domin kada ruwa ko baƙin mai su ɓata shi. Na mota ya zauna cikin mota. Na babur ya zauna a aljihu ko a jakar mai hawa. Littafin da aka bari a ɗaki ba ya daɗewa, gama mutum zai ce sai ya koma gida zai rubuta, kafin ya koma ya manta.

A shafin farko a rubuta lambar abin hawa, da lambar inji, da irin baƙin man da yake sha, da girman taya, da yawan iskar da masu ƙira suka ce a sa. A mota, yawancin lokaci akan sami wannan a wata 'yar takarda da aka manna a jikin ƙofar direba ko cikin murfin tanki.

Sa'an nan a raba littafin biyu. Daga gaba, zancen mai. Daga baya, zancen gyara. A ɓangaren mai a ja layi biyar daga sama zuwa ƙasa: kwanan wata, abin da maleji ya nuna, lita nawa aka sha, nawa aka biya, da inda aka sha. Ke nan. Rubutun bai kai minti ɗaya ba.

Muna roƙo a lura da layi na uku. Yawancinmu mukan ce, "Zuba na dubu biyar," mu tafi ba mu dubi famfo ba. Amma naira tana sauya fuska kowane wata, lita kuwa lita ce. Wanda ya rubuta kuɗi kaɗai, in ya ga kuɗin mai ya ƙaru ba zai san ko farashi ne ya tashi ko injinsa ne ya soma haɗama ba. Don haka a dubi famfo, a tabbata ya fara daga sifiri, a rubuta litar da ya nuna. Masu saye wurin 'yan bumburutu su ma su tambaya, gama akwai galan mai lita 4, akwai mai lita 5, kwalabe kuwa kowa da irin tasa.

Lissafin da ɗan aji biyar zai iya

Ga yadda mai mota zai yi. Ya cika tanki har famfo ya yanke da kansa, ya rubuta maleji. A ce ya nuna 84,200. Ya yi ta harkokinsa. Ranar da ya sake cikawa, a ce maleji ya nuna 84,620, tanki kuma ya ci lita 35. Tafiyar da ya yi ita ce 84,620 a ɗebe 84,200, watau kilomita 420. A raba 420 gida 35, an sami 12. Motarsa tana yin kilomita 12 da kowace lita. Wannan ita ce lambarta.

Wani zai ce, "Malam, yaushe rabon da in cika tanki?" Gaskiya ne, ba kowa ke iyawa ba. Akwai dabara. Mai babur ya jira ranar da mai ya ƙare har ya juya zuwa rizab, ya rubuta maleji nan take. Daga nan ya riƙa rubuta kowace lita da ya saya, yau biyu, jibi uku. Bayan mako ɗaya ko biyu, ranar da ya sake juyawa zuwa rizab, ya sake rubuta maleji, ya tara dukan litar da ya saya a tsakani. A ce daga 15,300 zuwa 15,750, da lita 10. Kilomita 450 ke nan, a raba gida 10, an sami 45. Mai mota kuma zai iya yin haka da fitilar nan da ke kamawa in mai ya yi ƙasa: daga kamawa zuwa kamawa. Muddin an fara awo an kuma ƙare shi a wuri ɗaya, lissafi zai fito daidai.

Akwai tarko biyu. Na fari, motocin da aka shigo da su daga Amurka yawanci da mil suke ƙirga, ba da kilomita ba. Mil ɗaya kuwa kilomita ɗaya ne da kashi shida cikin goma. Wanda malejinsa ya nuna mil 260 ya raba gida 35, zai sami wajen 7, ya ɗauka motarsa ta lalace, alhali tafiyar kilomita 418 ya yi, lambarsa kuma kusan 12 ce. A duba da kyau a ga abin da aka rubuta a jikin malejin. Na biyu, babura da motoci da yawa a wajenmu malejinsu ya mutu tun tuni. A babur sau da yawa waya ce kawai ta tsinke, gyaranta ba tsada. In ba a samu an gyara ba, sai a ƙirga da sawu: zuwa da dawowa tsakanin gida da makaranta sau nawa lita biyar take kaiwa? Wannan ma awo ne, in dai hanyar ɗaya ce.

Kada a gwada lambar wani da ta wani. Golf ɗin haya da ke fama da lodi a hanyar ƙauye ba za ta yi daidai da motar ma'aikaci da ke bin kwalta ba. Kowane abin hawa da kansa za a gwada shi: watan nan da watan jiya, daminar bana da ta bara. Kuma awo ɗaya bai isa a yanke hukunci ba, sai an ga uku ko huɗu a jere.

Mu malamai mukan ba yara irin wannan lissafi a aji, da lambobin da muka ƙaga. Ina amfanin ƙagaggun lambobi alhali na gaskiya suna gida? A ba ɗan aji biyar ko shida littafin kowace Asabar ya yi ɗebewa da rabawa. Zai koyi lissafi, zai kuma koyi cewa kuɗi ba daga sama suke faɗowa ba.

Idan lamba ta faɗi

A ce motar nan mai yin 12 ta koma 10. Da kunne ba za a ji bambanci ba, da ido ma ba za a gani ba. Amma bari mu ƙirga. Mai tafiyar kilomita 1,200 a wata, da lita 100 take isarsa, yanzu sai 120. In muka ɗauki lita a naira 1,000 domin sauƙin lissafi, hasarar naira 20,000 ke nan a wata, naira 240,000 a shekara. Kuɗin taki ne, ko kuɗin makarantar yara, suke fita ta salansa ba wanda ya sani.

Kafin a ruga wurin bakanike, a fara da abin da ba ya cin kuɗi. A tambayi kai: watan nan an yi lodi fiye da kullum? An bi taɓo? An sauya direba? Gudu ma yana da nasa. Da zarar mota ta wuce kamar kilomita 80 a awa, iska tana ƙara tokare ta, shan mai yana ƙaruwa. Haka nan kayan da aka ɗaure a bisa rufi, da barin inji yana aiki ana hira a bakin kasuwa, da yawan taka totur a take birki.

In ba ɗaya daga cikin waɗannan, sai a bi jikin abin hawa. A je wurin mai faci da safe, tun taya ba ta yi zafi ba, a gwada iska da geji, ba da bugun ƙafa ba. Tayar da iskarta ta yi ƙasa tana jan mai, tana kuma cinyewa da wuri. A duba ƙasa inda mota ta kwana, a shinshina, ko akwai yoyo. Yoyon fetur ba hasara kaɗai ba ne, gobara ce take jiran ashana. Bayan tafiya a kai hannu kusa da kowace ƙafa ba tare da an taɓa ba. Wadda ta fi sauran zafi, mai yiwuwa birkinta yana riƙewa. A babur a duba sarƙa, kada ta bushe, kada kuma ta yi tauri ko sako-sako.

Sai matatar iska. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ya sauka, takan toshe da sauri. A babur da tsofaffin motoci masu kafireta, in iska ba ta shiga sosai inji yakan sha mai fiye da kima, fulogi ya yi baƙi. Amma kada kowa ya yarda a cire matatar a jefar wai don inji ya sha iska. Ƙurar da za ta shiga ita ce za ta cinye ringi kamar yadda dutsen niƙa yake cin hatsi.

Hayaƙi ma yana magana. Baƙi, mai ya yi yawa. Shuɗi, inji yana ƙona baƙin mai. Fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, mai yiwuwa ruwa yana shiga inda bai kamata ba, sai a je gareji ba da jinkiri ba.

Akwai wata al'ada da ta bazu a garejoji. Da mota ta iso ƙasar nan sai a ce ita 'yar ƙasar sanyi ce, a cire ɗan ƙarfen nan da ke tsare ruwan lagireto har inji ya ɗumama, a kuma haɗa fanka kai tsaye. Masu ƙira sun shirya inji ya yi aiki da zafin da ya kai wajen digiri 90. In aka hana shi kaiwa, musamman da sanyin safiya, na'urar da ke auna masa mai takan ɗauka har yanzu bai ɗumama ba, ta yi ta ƙara masa. Wanda yake da littafi zai ga abin da wannan aiki ya jawo masa cikin wata ɗaya.

Wani lokaci kuma laifin ba na inji ba ne. A Fabrairu 2022 hukumar da ke kula da harkar mai ta tabbatar an shigo da gurɓataccen fetur ƙasar nan, motoci da yawa kuwa suka lalace. Akwai kuma famfon da ba ya cika mudu, akwai mai sayarwa a kwalba da ke gauraya. Amfanin layi na biyar ke nan. In duk lokacin da aka sha mai a wuri kaza lamba takan faɗi, in aka sha a wani wuri ta dawo, to, ba sai an yi cacar baki da kowa ba. Sai a sauya wurin saye.

Bayan littafi: shafin gyara

A nan ma layi biyar ne: kwanan wata, maleji, abin da aka yi, nawa aka biya, da wanda ya yi. A ƙara abu ɗaya, shi ne mafi muhimmanci: yaushe za a sake. Wanda ya yi juye a 84,620, nan take ya rubuta lambar da juye na gaba zai faɗo.

Masu ƙera motoci sukan ba da jadawali iri biyu, na hanya mai daɗi da na aiki mai wuya. Ƙura, da zafi, da lodi, da gajerun tafiye-tafiye, duk cikin aiki mai wuya suke. Watau mu na biyun ne namu. Ga motoci da yawa wannan yana nufin juye wajen kowane kilomita 5,000, tare da sauya matatar baƙin mai. Babur kuwa, da yake baƙin mansa wajen lita ɗaya ne kawai, yana bukatar juye da wuri ƙwarai fiye da haka. A bi abin da littafin masu ƙira ya ce. Mai injin ban-ruwa da mai janareto su ƙirga da awa: awa nawa inji ya yi aiki, lita nawa ya sha, awa nawa tun juyen baya. Kuma a yi hankali da baƙin mai na awo wanda ba a san asalinsa ba. Araha ba ta ado, balle a cikin inji.

Akwai abubuwan da ba sa ba da sanarwa. Bel ɗin taimin, a motocin da ke da shi, yakan yi aiki lafiya har ranar da zai tsinke, a injuna da yawa kuwa in ya tsinke yakan tafi da rabin inji. Masu ƙira sukan ce a sauya shi tsakanin kilomita 60,000 da 100,000, gwargwadon irin mota. Wa zai riƙe wannan a ka shekara huɗu? Littafi ne kaɗai. Haka man birki, wanda akan so a sauya wajen kowace shekara biyu, da batir, wanda ya kamata a rubuta ranar da aka saye shi.

Taya ma tana da ranar haihuwa. A gefenta akwai lambobi huɗu a ƙarshen wani layin rubutu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In aka ga 2321, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi, gama roba tana mutuwa ko da zanenta bai goge ba. Mai sayen taya ta hannu a Kofar Ruwa ko a ko'ina, ya karanta lambobin nan kafin ya biya, ya kuma rubuta su.

A shafin ƙarshe a sa ranar da takardu za su ƙare: lasin mota, da inshora, da lasin tuƙi. Tun Janairu 2023 inshorar dole ta ƙaramar motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa naira 15,000. Gara a san watan da za a biya a yi tanadi, da a sani a bakin shingen hanya.

Littafin yana taimakon bakanike na kirki. Maimakon a ce masa, "Motar nan ba ta jin daɗi," sai a ce, "Tun da aka taɓa kafireta watan jiya ta sauka daga 12 zuwa 10." An rage masa lalube, an rage wa kai sayen kayan da ba su lalace ba. In kuwa aka ce a sauya abin da littafi ya nuna wata biyu ke nan da sauya shi, sai a tambayi dalili cikin ladabi. Ranar sayarwa kuma, mai saye ya fi sakin jiki da motar da tarihinta yake a rubuce.

A ƙarshen shekara a tara kuɗin gyara duka a raba da tafiyar da aka yi. A ce naira 300,000 a kilomita 15,000: naira 20 ke nan a kowace kilomita, ban da mai. Ɗan acaɓa da direban haya da ke cire kuɗin mai kaɗai su ce saura riba ce, jarinsu suke ci ba su sani ba. Kason gyara a riƙa jefa shi a asusu kullum, domin ranar da taya za ta fashe ba sai an sayar da akuya ba.

Zancen amana

Yanzu ga abin da ya fi kuɗi nauyi. Kaɗan ne cikin ababan hawanmu mutum ɗaya yake mora. Uba ya saya wa ɗa babur yana kawo balas. Wa ya ba ƙane mota yana haya. Ikilisiya ta tara baiko ta sayi babur domin aikin ƙauyuka. Makaranta tana da bas. A duk irin wannan wuri, in kuɗin mai suka ƙaru, abin da yake fara zuwa zuciya shi ne, "Yaron nan ya soma ci." Ba a faɗa a fili, amma gaisuwa takan yi sanyi. Shi kuwa wanda ake zargi, ba shi da abin da zai nuna sai rantsuwa. Mun san gidajen da wa da ƙane suka daina cin tuwo tare a kan irin wannan, alhali mai yiwuwa wata 'yar roba ce take yoyo a ƙarƙashin tanki.

Littafi yana tsare mai gaskiya daga zato, yana kuma tsare mai rauni daga jaraba. Saboda haka kada mai abin hawa ya miƙa shi kamar sammaci. A zauna tare tun ranar farko a ce, "Wannan domin ni da kai ne." Wanda ya karɓi makulli ya rubuta maleji, wanda ya mayar ya rubuta. Na ikilisiya da na makaranta, ma'aji ya duba kowane wata, a karanta taƙaitaccen bayaninsa ranar da ake karanta rahoton kuɗi. Kuɗin nan na gwauruwa ne da na manomi, ya kamata a iya faɗin inda kowace lita ta tafi. Dattijon da ya ari babur ɗin jama'a ya tafi biki, shi ma ya rubuta, ya zuba nasa man. In manya suka yi, yara ba za su ga abin a matsayin wulaƙanci ba.

A gida kuma kada a ɓoye wa uwargida littafin. Ita ce take jin zafin ragin kuɗin cefane. In ta san mota tana cin lita 100 a wata, tana da bakin da za ta ce, "Maigida, tafiyar nan ta Kano a haɗa ta da ta jibi mana." Sau da yawa ma ita ce za ta tuna cewa juye ya yi.

Ga aikin gida na wannan wata. A sayi littafi kafin ran kasuwa mai zuwa, a ja layi biyar, a rubuta malejin yau. Kada a damu in an tsallake rana ɗaya ko biyu, a ci gaba daga inda aka tuna. Bayan wata uku kowane gida zai san lambar abin hawansa, na hunturu daban, na damina daban. Masu tambaya a kan lissafin, ko waɗanda suka gano wani abu da zai amfani sauran masu karatu, su rubuto mana ta hannun edita. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya. Sai wata mai zuwa.